Makarantar Turmi

Shafi na 17

Masu aiko min da saƙo tun asuba wai na bar Kellu a tsaye bakin madafi da ludayi a hannu, ku sassauta min, ni ma tuwo nake tuƙawa a gidana. Wadda kuma ta ce in aka raba uwa da 'ya za ta daina karantawa, na ji ki, amma ba ni na haifi Inno ba. Ga inda muka tsaya.

*

Ƙullin kaya ne ya tsayar da Kellu. Ɗan ƙulli a zanen saƙi, an ajiye shi kan tabarma a tsakar gida, kuma ta bakinsa tana hango gefen rigar 'yarta Barira mai ɗigon ja, wadda uban yarinyar, Tahiru, ya sayo a Kano.

Inno, surukarta, na zaune gefen ƙullin tana jan carbi. Kusa da ita Zainaba ce, yayar Tahiru da ke aure a Mirriya, ko mayafi ba ta sauke ba.

Kellu ta ajiye ludayin ta zo ta durƙusa.

"Yaya, sannu da hanya. Ashe kuna tafe, ban ji sallamarku ba."

"Yawwa, Kellu. Ya jikin?"

"Jiki kuma?"

Zainaba ta dubi Inno. Inno ta dubi carbinta.

"Lafiyata ƙalau, Yaya."

"To madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Nan gaban Kellu ya faɗi. Sai yanzu ta tuna rubutun da Inno ke ta zuba mata a kunu kwanakin nan, da hayaƙin saiwoyin da ake turara mata ɗaki da shi har ta yi ta tari. Ita duk ta ɗauka neman ƙanin Barira ake yi mata, shi ya sa take shanyewa ba musu.

Inno ta ce, "Yarinyar za ta bi gwaggonta Mirriya. Akwai kamiyon, motar kaya, da zai juya bayan azahar."

Ku da ba ku san zamanin ba, bari in tuna muku. Barira 'yar fari ce. Tun ranar da aka yaye ta aka tsallaka da ita ɗakin Inno, can take kwana, can take ci. Kellu ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta kallonta ido cikin ido, sunanta kuwa ko da wasa bai taɓa fita bakinta ba, shekara huɗu ke nan. In ta kama dole sai ta ce "ke" ko "waccan". Yarinyar ma Ya Kellu take ce mata, kamar yadda yaran unguwa ke faɗa. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma duk Birnin Damagaram an shaida Kellu ta iya ta.

Saboda haka amsa ɗaya ce ta dace da ita.

"To," in ji ta.

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta fasa. Ta koma ta durƙusa.

"Inno, yaushe za a dawo da... da ita?"

"Sai kin warke."

"In warke daga me?"

"Kada ki sa ni in faɗa da bakina, 'yar nan."

"Ku faɗa, Inno, don Allah. Shi ya sani?"

"Tahiru yana kan hanyar Kano da buhunan gyaɗar mutane. Ni na haife shi. In ya dawo zan yi masa bayani."

Zainaba ta matso ta dafa kafaɗar Kellu, ta sassauta murya irin yadda ake yi wa mai jinya.

"Ba abin kunya ba ne, Kellu. Kowa da irin jarabawarsa. Ko a Mirriya sun taɓa hawa wata maƙwabciyata, ta yi ta taka ƙasa kamar soja tana sara wa katanga. Yanzu ga ta nan garau, har ta aurar da 'ya."

"Su wa suka hau ta?"

"Babule mana. Iskokin nan masu yaren Nasara."

Inno ta ajiye carbin.

"Da idona na gan ki. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da hantsi, in na fita gaisuwa na dawo, in leƙa madafi in tarar kin baza toka a faifai kina zane da yatsa kamar mai bugun ƙasa. Kina magana da turmi. Da turmi, Kellu. Kina gaishe shi, kina yi masa faɗa, kina yaba masa. Rabin maganar kuma ba Hausa ba, ba Barbarci ba. To in bar jikata a gida ɗaya da wannan?"

Dariya ta taso wa Kellu, kuka na biye da ita. Ta danne duka biyun, don ta san ko wanne ya fito za a ce ga su nan sun motsa.

Gaskiyar magana kuwa ga ta. Kellu ta yi lekol, makarantar Nasara, shekara uku tana yarinya, lokacin da mai unguwa ya rubuta ta don babanta baƙo ne daga Barno, ba shi da ƙauyen da zai ɓoye ta. Shekarar farko ba abin da ta kwaso sai bulala, don ta shiga ba ta san ko ta ina ake riƙe alli ba. Daidai lokacin da haruffa suka fara buɗe mata baki sai aka cire ta. Abin ya tsaya mata a rai har yau. Yanzu kuwa tun da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a kan mulkin Nasara bara, ba maganar da ake yi a Damagaram sai cewa Nasara sun kusa naɗe tabarmarsu. Kellu ta san wata rana za a rubuta Barira ita ma, kuma ta yi wa kanta alkawari 'yarta ba za ta shiga wurin nan a makance ba.

Amma ta yaya za ka koyar da wanda ba ka iya kiran sunansa?

Ranar farko ta baza toka, ta buɗe baki za ta kira yarinyar, harshenta ya ƙi. Sai idonta ya faɗa kan babban turmin Inno.

Yanzu in ta yi shiru, ta zama mai iska, a tafi da 'yarta. In ta yi magana, ta zama marar kunya wadda ta shigo da karatun Nasara gidan surukarta, wataƙila kuma a tafi da 'yar duk da haka. Tsoro ya kama ta sosai.

"Inno, ba da turmi nake magana ba."

"Da wa kike yi?"

"Da... wadda ke zama a bayansa."

"Ba kowa a bayan turmin nan."

"Daga bakin ƙofa ba a ganinta. Shi ya sa nake ajiye ta a can."

Zainaba ta janye hannunta daga kafaɗar Kellu a hankali, ta fara karanto addu'a a ƙasan maƙoshi.

"Ba aljana ba ce, Yaya. Ku taso ku gani. In kun gani kuka ce iska ce, ni da kaina zan ɗora muku ƙullin a ka."

Ba ta jira izini ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta shiga madafi, ta ɗebo toka mai sanyi daga gefen murhu, ta baza a faifai, ta lallaɓa ta da tafin hannu har ta kwanta sumul. Inno da Zainaba suka tsaya a bakin ƙofa, kowacce na son ɗayar ta fara shiga.

Can gindin katanga Barira na zaune tana gwaguyar goruba, ba ruwanta da kowa.

Kellu ta zauna gaban turmin, ta gyara murya.

"Bismillahi. Kai turmi, ina kwana?"

Goruba ta faɗi ƙasa. Sai ga Barira a guje, ta kutsa tsakanin ƙafafun kakarta da gwaggonta, ta zagaya bayan turmin ta tsuguna. Ba abin da ake gani sai ƙarshen kitsonta.

"Turmi ya ce lafiya lau," in ji wata 'yar murya.

"Ka yi bismilla kuwa?"

"Ya ce bismillahi."

Kellu ta zana da'ira a tokar, ta tura faifan gefen turmin.

"To turmi, wannan mai kama da bakin tulu fa?"

"O ce."

"Wannan 'yar taɓaryar mai ɗigo a ka?"

"I."

"Wannan mai ciki da sanda a gefe?"

Sai raɗa ta taso daga bayan turmin, sannan muryar ta ce, "Ya manta, Ya Kellu. Kullum sai na faɗa masa. A ce."

"Madalla da turmi. To yaya Nasara ke cewa ruwa?"

"Lo."

"Hannu fa?"

"Lame."

"Yanzu ka zana min O da kanka."

Wani ɗan yatsa ya fito ya zagaya cikin toka. O ɗin ta fito a karkace, bakinta bai haɗu ba, amma O ce.

Zainaba ce ta fara dariya. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza, har ta jingina da bango.

"Wayyo cikina. Inno, ashe turmi muka yi ta nema wa magani. Ni da na baro surfe a jiƙe na taho."

Inno ba ta yi dariya ba.

"Da iska ce," in ji ta, "da na san maganinta."

Dariyar Zainaba ta ɗauke.

"Lekol kika buɗe min a madafi, Kellu?"

"Ku gafarce ni, Inno. Ba wani abu mai yawa ba ne. Da bismilla muke farawa kullum. Harafi uku ne kawai, sai ƙirga da ƙwallon dabino, sai sunayen abubuwa. In ta gaji ta bi kaza, ba na tsare ta. Ban taɓa dukanta ba."

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Ni na sha bulalar da ba na so ta sha. Za a rubuta ta, Inno, ko muna so ko ba ma so. Kuma in Nasaran nan suka tafi, wa zai karɓi haihuwa a gidan likita? Wa zai koyar da yaran? 'Ya'yan wasu za su yi, ita ta kai musu ruwa?"

"Ita wa?"

Kellu ta sunkuyar da kai.

"Kin gani. Ko a nan ba ki iya faɗa ba. Amma kin iya zama da 'yar fari gwiwa da gwiwa a ɓoye, kina mai da ni mahaukaciya ina bin malamai."

Zainaba ta ce, "Ni dai a ganina gara a tafi da ita ɗin, Inno. Kafin unguwa ta ji. In aka ji matar Tahiru na hira da 'yar farinta, da wane ido za ku shiga biki?"

Barira ta leƙo daga bayan turmin, toka har goshi. Ba ta gane abin da ake faɗa ba, amma ta ga fuskar Ya Kellu, ta kuma san wani ya yi laifi.

"Inno, kada ki yi wa Ya Kellu faɗa. Turmi ne ba ya ganewa."

"Fito daga nan, Barira."

Ta fito tana karkaɗe riga, ta zo ta riƙe zanen kakarta, ta ɗaga kai.

"Ni na fi shi ganewa, Inno. Amma Ya Kellu shi take so."

"Me kika ce?"

"Shi take ce wa madalla. Shi take ce wa yaron kirki. Jiya ma ta shafa masa kai." Ta tura baki. "Ni ba ta ce min komai."

Kellu ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi a ƙirji. Duk madallar nan, duk shafar nan, ta ɗauka yarinyar ta san ta wa ce. Ashe ba ta sani ba. Ta juya fuskarta ga bango don kada a ga hawayen.

Inno ta daɗe tana kallon jikarta. Sannan ta yi abin da ya ba su tsoro su duka: ta zauna a ƙasan madafi, kan toka da ɓawon gyaɗa, tsohuwar da ko tabarma ba ta hawa sai an karkaɗe.

"Inno, lafiya?" in ji Zainaba.

"Zainaba, kin san an yi wata kafin ke."

"Na ji ana faɗa."

"Kin taɓa jin sunanta?"

"A'a."

"A Guna aka yaye ta, wajen uwar babanku. Ba ta kai wannan ba ƙyanda ta kama ta. Aka aiko na je. Na tarar da ɗaki cike da dangin miji, ita kuma tana kwance tana kallon ƙofa. Na zauna na ba ta baya."

Inno ta ci gaba.

"Ina jin numfashinta a bayana. Ina so in juya, in kira ta sau ɗaya. Sai in ji tsofaffi na cewa, kai, yarinyar nan akwai kunya, Allah ya yi mata albarka. Ina nan ina shan albarka har numfashin ya tsaya."

"Inno..."

"Har yau in na je Guna ana ba yara labarin kunyata." Ta share fuska da gefen mayafi. "Hadiza. Sunanta Hadiza."

Zainaba ta zauna ita ma. Ta haura arba'in a duniya, yau ta fara jin sunan yayarta, kuma daga bakin da ba ta taɓa zato ba.

Inno ta ja numfashi, ta miƙe, muryarta ta koma irin wadda aka sani.

"Kellu, juyo ki dube ni."

Kellu ta juyo.

"Karatun Nasara ba ya burge ni, kuma ba yau zai fara ba. In ta isa, allo za ta fara riƙewa kafin komai, wannan ba ciniki."

"Na yarda, Inno."

"Ban gama ba. Tokarki da haruffanki, ku je ku yi ta yi. Amma jikata ba za ta girma tana ganin an fi son itace a kanta ba. In za ki koyar da ita, a tsakar gida za ki yi, da rana tsaka, ina zaune. Ki dube ta a ido. In ta yi daidai ki ce mata madalla, ita, da sunanta."

Zainaba ta ce, "Inno, unguwa fa?"

"Unguwa ta zo ta same ni."

Wani farin ciki ya taso wa Kellu har ta ji jiri. Ta buɗe baki za ta yi godiya, Inno ta ɗaga mata hannu.

"Ba godiya nake so ba. Kira ta. Yanzu, a gabana da gaban yayar mijinki. In ba za ki iya ba, to ba ki isa malama ba, ta bi gwaggonta ta huta da wannan wasa."

Kellu ta dubi yarinyar. Ta motsa leɓe. Sunan na nan a kan harshenta, sunan da take maimaitawa a zuci kullum tana daka, tana wanki, tana sujada. Ba abin da ya fito sai iska.

Ta sake gwadawa. Ta tuna uwarta, wadda ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayan Kellu ba. Ta tuna matan da za ta haɗu da su a bakin rijiya gobe.

"Inno, ku ba ni zuwa gobe."

"Ni ma gobe na jira," in ji Inno. "Zainaba, ɗauki kayan."

Zainaba ta ga uwarta ba wasa take ba. Ta fita ta ɗora ƙullin a ka, ta dawo ta kama hannun yarinyar.

"Taho mu je, 'yar gwaggo. Akwai rake a gidana."

"Da turmi za mu tafi?"

"A'a, shi yana nan."

"To wa zai faɗa masa A?"

Suka ratsa tsakar gida, yarinyar na tafe tana waiwaye, ƙafafunta na barin sawun toka. Suka wuce randa. Suka wuce turken akuya. Zainaba ta sa hannu ta ɗaga asabarin ƙofar zaure.

Kellu ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta ga kanta a tsakiyar gida, rana na dukanta, hannayenta fari fat da toka.

"Barira."

A hankali sunan ya fito, kamar daga bakin mai ciwon wuya. Zainaba ce kawai ta ji, ta tsaya cak.

Kellu ta durƙusa a ƙasa, ta miƙa hannu biyu.

"Barira. Zo nan."

Yarinyar ta dubi kakarta, ta ga bakinta a rufe. Ta dubi gwaggonta. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta juyo gaba ɗaya, ta tako taku biyu ta tsaya tana kallon matar da ke durƙushe.

"Ya Kellu," in ji ta, "ashe kin san sunana?"